Hannuna A Cikin Tire

Haɗeja,
Farkon watan Yuli.

Zuwa ga aminina Fannami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukkan mutanen Gashuwa. Yaya kunnen naka? Tun da ya yi nauyi waya ta zama mana azaba, ina ihu a ofis kana cewa in maimaita, leburori suna tsayawa suna saurare. Shi ya sa na koma biro. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji uku na sakandare na tsaya, kuma ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba.

Fannami, likitana ya tafi. Dakta Bakari nake nufi, wanda ya yi mini aikin rage tumbi a Kano bara. Na shiga asibitin da kwalin banda da buhun gyararriyar shinkafa kamar yadda na saba kai masa, sai yarinyar da ke bakin kanta ta ce ai ya ajiye aiki, ya samu wuri a Saudiyya. Wai sun tura saƙo ta waya. Ni, Nu'uman, da saƙon waya za a sallame ni, irin wanda ake tura tallan waƙa da shi. Na san abin da za ka ce, Bafillace ne, kuma dama ka gargaɗe ni. To ka riƙe wasanku na Barebari tukuna, abin ya taɓa ni.

A duniya kai da matata Ummussalma ne kawai kuka san an yi mini aikin nan. Kuma ka san dalili. Kana tsaye a bakin ruwa a Guri ranar da Buba mai kwale-kwale ya dube ni sama da ƙasa ya ce ko dai ya ɗauki Alhaji ko ya ɗauki buhunan, jirginsa ba ya iya duka biyun, shi kuma ya fi yarda da buhunan don ba sa motsi. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Amma tun daga ranar ƙafata ba ta sake taka gonar mahaifina da ke hayin ruwa ba. Ina da injin casa, ina da motoci, amma gonar da na koyi riƙon lauje a cikinta sai dai a ba ni labarinta. Na yi wa kaina alkawari kakar bana ni zan tsaya a kan yankan shinkafarta. Na hau sikelin inji makon jiya, abin da na zubar ya kusa buhun gyararriya guda. Ina hawa benen ofis ba na tsayawa a tsakiya. Saura kaɗan.

To ga inda matsalar take. Ka san ƙofar gidana bayan magariba. Tire uku ake fitarwa, maƙwabta da baƙi da duk wanda hanya ta biyo da shi. Kuma ka san ƙa'ida: maigida ba ya tsame hannu kafin baƙinsa, in ya tsame kowa zai ji kunya ya tsame, ko da bai ƙoshi ba. Ni kuwa abin da aka bar mini na tumbi bai fi ayaba ba, loma kaɗan ya cika. Da Dakta Bakari nake kare kaina. In aka matsa, sai in kira shi in buɗe murya kowa ya ji, ya ce ku ƙyale Alhaji, ni na hana shi. Sai in koma gefe da ɗan kwanona, su ɗauka ciwon suga ne. Muryarsa irin ta manya ce, ko Muttaka, maƙwabcina da ba ya ragawa kowa, yakan yi shiru.

Yanzu lambar ba ta shiga. Sun ce akwai wata likita da ta karɓi marasa lafiyarsa, na leƙa na gan ta, ba ta girmi Umaima 'yata ba. Na ɗauko kwalina da buhuna na dawo Haɗeja. Wanda ya tashi daga tallan kifi a tasha ya kafa inji ba zai kasa riƙe cikinsa da kansa ba.

Ka gaishe mini da Ya Falmata da yara. Direban motar kifi zai kawo maka wannan, in ka rubuta amsa ka ba shi.

Naka har kullum,
Alhaji Nu'uman Mai Inji.


Haɗeja,
Ƙarshen watan Agusta.

Aminina Fannami,

Assalamu alaikum, tare da fatan kuna lafiya kuma ruwa bai yi muku ɓarna ba. Mu nan gulbi ya kawo sosai, ciyawar kacalla ta toshe wasu hanyoyin ruwan, amma an ce mini shinkafar hayi ta yi kyau. An ce mini. Ka ji kalmar da na gaji da ita.

Takardarka ta iso. Na ga inda ka ce girman kaina ya fi tumbina girma, kuma shi ba a yi masa aiki ba. Na yafe maka saboda tsufa.

Ba lafiya sosai, ba zan ɓoye maka ba. Ban san wanda ya kai wa Muttaka labarin tafiyar likita ba, amma ya samu. Ranar da na ja ɗan kwanona gefe sai ya ce, a gaban baƙi, ai wanda ya hana ya tafi Saudiyya, hanin ma ya bi shi a jirgi. Sannan ya sauke murya, wai don ƙaunata, ya ce a kasuwa magana biyu ake yi a kaina: masu cewa wani mugun ciwo ne yake cina, da masu cewa injin ne ya karye, rama ce ta tunani. Ya ce in ba ko ɗaya, to in matso in sa hannu kamar da.

Na matsa. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka ta sha man shanu. Na zauna har aka suɗe tire, na ɗora lemon kwalba a kai don kowa ya gani. Da na shiga gida gumi ya karyo mini, zuciyata tana bugawa kamar injin da bel ɗinsa ya kwance, na dawo da komai a bayan ɗaki. Washegari na sake. Abin mamaki, Fannami, ciki yana koyo. Da na dinga matsa masa sai ya fara karɓa, musamman abu mai laushi, fura da kunu da biredi a shayi. Sikeli ya tsaya, daga baya ya fara komawa inda ya fito. Na daina hawa.

Ƙwayoyin da Dakta Bakari ya rubuta mini sun ƙare, ban sayo ba, don duk lokacin da na ga kwalbar sai raina ya ɓaci. Allurar da akan yi mini ita ma na bari. Yanzu tafin ƙafata yana yi mini kamar ina taka ƙaiƙayi, in na miƙe daga sujada sai na dafa bango.

Ummussalma ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Manyan rigunana na da, waɗanda ta ƙulle za ta bayar, na tarar ta kwance su ta wanke ta goge ta jera a kan gado. Na tambaye ta na mene ne, ta ce ta ga alama za a neme su kafin kaka, kuma in ina so ta aika wa Buba kada ya wahalar da kansa yana jirana.

Ban ci komai ba ranar. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Nu'uman.


Haɗeja,
Watan Nuwamba.

Zuwa ga aminina, ɗan'uwana Fannami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Ya Falmata da yara da jikoki. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka sa tabarau, don ba na son ka tsallake ko layi ɗaya.

Na koma Kano. Kada ka ce kai ka sa ni, rigunan nan ne. Sunan likitar Dakta Amatullahi. Na shiga ina ɗaure da fuska, ta buɗe fayil ta ga an rubuta Haɗeja, sai ta ajiye biro ta ce ashe bawanta ne ya yi yaji ya dawo. Bakatsiniya ce, ka ji ƙaddara. Na ce Bakatsine bai taɓa mallakar ko akuya a Haɗeja ba. Ta ce to ga shi yau an kawo mata Alhaji guda har da banda. Da wani ne ya faɗa mini abin da ta faɗa mini bayan nan, da na tashi na fita. Amma abokin wasa ba a yi masa fushi, sai na zauna na sha. Ta sa aka ɗebi jinina, ta ce sinadaran jikina sun yi ƙasa, shi ne abin ƙafar, kuma ƙwayoyin nan da allurar ba don Dakta Bakari nake yin su ba, abin yi ne har iyakar rai. Ta haɗa ni da inda za a riƙa yi mini allurar a nan gida, Kano sai lokacin awo.

Sai na kawo maganar da ta kai ni. Na ce ina son lambarta, in an fitar da tire in kira ta ta yi wa mutane magana. Ta yi dariya har ta riƙe tebur. Ta ce ita ba ta aikin gadi, kuma ita ma wata rana za ta iya tashi, to ranar wa zan kira? Ta ce asibiti nata ne, ƙofar gida tawa ce.

Na yi ta juya maganar a mota har muka wuce Jahun. Abin da ake bukata a wurina a bakin tire shi ne hannuna ya kasance a ciki. Ba wanda ya taɓa cewa sai bakina ya yi aiki. Kuma ni ɗan kifi ne kafin in zama mai inji.

Na sa Ummussalma ta canza girki, kullum a ɗora kifi karfasa a kan tuwon, manya, ba a yanka ba. Da aka zauna na yi bismilla, na ce kafin kowa ya sa hannu ina da magana. Na ɗaga rigata na nuna musu 'yan tabon da ke cikina. Na ce ba ciwo ba ne, ba karayar arziki ba ce, ni na kai kaina aka rage mini tumbi don ina son in shiga jirgin Buba. Muttaka ya leƙo ya duba da kyau, ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan ba, duniya tana neman abin da za ta zuba a ciki, Alhaji ya je an rage masa ma'aji. Aka yi dariya, na bari suka gama. Sannan na ce daga yau ni ne mai gyaran kifi a tiren nan, kada wanda ya taɓa.

Ka san karfasa da ƙaya. Na kama ta na zare ƙashin baya ɗungurungum, na bi gefe na tsince ƙananan, ina tura wa kowa tsoka gabansa, baƙo tukuna, sai dattawa. Tsakanin wannan da wancan in jefa 'yar tsoka a bakina in tauna a hankali. Hannuna ne na farkon shiga, shi ne na ƙarshen fita, ba wanda ya tashi da yunwa, ni kuma ban ci abin da ya fi ƙarfina ba. Yanzu har gardama ake yi a kan wa zai zauna kusa da ni. Muttaka ya ce shekara da shekaru yana cin abincina, sai bana ya san ina da amfani.

Ba zan ce maka kullum daɗi ba ne. Ranar da aka yi dambu da man shanu sai na haɗiye yawu, ƙafar ma ba ta gama sakina ba. Amma sikeli ya juyo, kuma da rana nake hawansa, a gaban leburori.

Ranar Asabar da ta wuce na je Guri. Buba yana nan, ya tsufa, jirgin ma ya sha faci. Na tsaya a inda na tsaya waccan shekarar. Ya dube ni sama da ƙasa kamar wancan karon, ya daɗe, sannan ya matso da jirgin ya kafe gora ya ce Alhaji a shigo da ƙafar dama. Na shiga. Jirgin ya ɗan yi rawa ya tsaya. Muka ratsa ta cikin kacalla, ruwa yana wucewa dab da yatsuna, ban san lokacin da na tsoma hannu ba.

Gonar tana nan, Fannami. Tsamiyar da mahaifina yake rataya goran ruwansa tana nan. Na karɓi lauje na yanka da hannuna har bayana ya ce ya isa, masu yankan suna cewa Alhaji a huta, na ce ku kula da layinku. A gindin tsamiyar na yi azahar. Abin da ya zubo mini a sujada ba zan rubuta ba, kai ma kada ka tambaya.

Umaima ta samo mini lambar Dakta Bakari ta can, na tura masa hotona a cikin gonar. Ya amsa da Masha Allah. Na ga ya isa haka, aikinsa ya yi kyau, Allah ya ba shi sa'a inda yake.

Da za mu dawo aka loda shanshera, shinkafar da ba a casa ba, na hau kan buhunan na zauna. Buba ya leƙa gefen jirgin ya ga inda ruwa ya tsaya, sai ya ɗaga murya ya ce wa masu lodi da sauran wuri, a ƙaro buhu biyu.

Zan sa a kawo maka shinkafar gonar, amma gara ka zo da kanka ka ci a ƙofar gida, ni zan cire maka ƙaya. Manyan rigunan kuwa Ummussalma ta bayar da su, ta ce in gaya maka ta ajiye maka ɗaya ko za ka yi rumfa da ita. Tana gaishe ku, Umaima ma haka. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka har kullum,
Alhaji Nu'uman Mai Inji, Haɗeja.