Agogon da Ka Kawo Mini Tsaraba

Zuwa ga aminina Malam Ilyasu,

Assalamu alaikum. Yau Talata, mako uku ke nan da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Ƙafafuna sun kumbura, tarin nan bai sake ni ba, masallaci ma sai da sanda. Na san ba za ka karanta wannan ba. To wa zan rubuta wa?

Unguwarmu Ƙofar Guga tana nan yadda ka bar ta, sai fastocin 'yan siyasa a kowane bango. Kowa na cewa ƙasa za ta gyaru. Ni dai eriyar da muka ɗaura a kan soro ta karye, babu mai hawa ya tayar da ita.

Masanan nan na ƙasashen waje sun rubuto. Suna tattara awon hayaniyar rediyo da ke fitowa daga rana, su gwada da na sauran taurari, don su gane yadda maganaɗisunsu yake aiki. Suna son littattafanmu na awon da muka yi da eriyar nan. Sharaɗinsu ɗaya: kowane awo ya zo da daidai mintinsa, domin su haɗa da nasu.

Ilyasu, a nan ne na cuce ka. Kai kake duban allurar na'urar awo kana faɗa, ni ina rubutawa tare da lokaci. Agogon aljihun nan ya daɗe da lalacewa, yau gaba gobe baya. Na ji nauyin gaya maka, don kai ka kawo mini shi tsaraba daga Makka. Sai na koma bin kiran sallar Ladan Garba: in ya kira Azahar, in rubuta ƙarfe biyu, sauran in kintata. Ka kuwa san Ladan, sai ya sallami masu ciniki ya rufe shago yake kira. Shekara da shekaru haka. Ban ma san a wane shafi ƙaryar ta fara ba.

Yanzu me zan yi? In aika, na zuba ƙarya cikin aikin mutane. In riƙe, sunanka ba zai shiga ko'ina ba, ga shi gara ta riga ta cinye littafi biyu. Ka tafi kana ganin mun yi wani abu. Da na faɗa maka, da ka yafe mini?

Ɗalibarka Hadiza, wadda yanzu take koyarwa a jami'a, ta aiko cewa za ta zo yau da hantsi ta duba ko akwai abin da za a ceto. Na sa an share zaure, na shimfiɗa tabarma, na jera littattafan. An yi La'asar tuni. Ba ta zo ba. Bari in mayar da su akwati tun hannuna yana iya ɗagawa.

Allah Ya haskaka kabarinka. Sai na iso.

Naka mai riƙe alƙalami,
Abdu