Kalankuwar Bana Ba Bature

Kebbe, daren Lahadi, bayan girbin dawa

Yau munka yi kalankuwa, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Shekara fuɗu ke nan Mamman Dogo ke fitowa Bature a wasanmu. Sai shi shafa toka ga fuska, shi kifa ƙwarya a kai, shina Hausa ta hanci, shina ba jakai umurni su yi layi. Don shi mutanen ƙauyuka ke zuwa.

Da hantsi dogarin mai gari ya same ni, tunda ni ne sarkin samari. Wai Di'o, Baturen mulki, na rangadi, zai kalli wasa, mai gari ya ce a cire Bature kada a jawo muna fitina. Na ce, "Baba, sarki ma muna kwaikwayonai, bai taɓa fushi ba." Ya ce, "Sarki namu ne, wanga ko baƙo ne."

Munka cire. Wasa ya yi lami. Sarkin wasa da alƙalinai sunka yi ta shari'a ba mai dariya, mata sunka watse tun kafin la'asar. Mamman na zaune bakin fili, ko dubana bai yi ba.

Da Di'o zai hau doki, tafintanai ya ja ni gefe. "Ina mai kwaikwayon nan? Tun Tambuwal anka ba Di'o labarinai, don shi ya biyo ta nan."

Yanzu mai gari ya aiko a sake wasa gobe a bariki har da Bature, Di'o shi kaɗai bisa kujera. Na roƙi Mamman. Ya ce shi don jama'a yake wasa, in mai gari na so shi fito da kainai. Ni kuma zan kai ma mai gari wanga jawabi da safe.