Sarƙar da Baba Ya Tsinka

Palenque, 14 ga Janairu

Zuwa ga Yayana Nicanor,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yubelis da yara, ya kuma sauƙaƙa maka sanyin Madrid da kake ta kuka da shi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Goggo Tomasa ta yi sauƙi har ta koma dafa alawar kwakwa, ni kuma ina nan da darona a ka ina zaga Cartagena.

Yaya, na ɗauki biro ne don bakina ba zai iya faɗar wannan a waya ba. Ka san wasan talabijin ɗin nan na bayin Rumawa, waɗanda ake sa su kashe juna da takobi don 'yan kallo su ji daɗi, har suka yi tawaye. Ni ce na ji masu shirya shi na neman mutane a bakin tsohuwar ganuwa inda nake talla, ni ce kuma na kai sunan Baba. Da farko ya ƙi. Ya ce kakanninsa sun tsere daga bauta zuwa cikin daji sun kafa garin nan don kada a ƙara ganin ƙarfe a wuyan jininsu, shi kuwa ya hau mota da ƙafarsa ya je a sa masa? To, ka san bakina. Na ce haba tsoho, sarƙar roba ce fa, kuma a ƙarshe bayin ne ke tsinka ta, duniya za ta ga makaɗin Palenque ya ƙwaci kansa. Wannan maganar ce ta ja shi.

Kwana shida yana durƙuso a rana ba riga, wani ƙato mai jan mayafi na ɗaga masa bulala. Ran na bakwai aka ɗauki tawayen, ina tsaye a wajen. Ya miƙe ya finciki sarƙar nan ta tsinke, ya saki irin kukan da yake buɗe kiɗan makoki da shi, har mai kyamara ya ja da baya. A mota sai dariya yake, wai ko Rumawan gaske ne da sun ranta a na kare.

Lahadin da aka nuna wasan, muka fito da talabijin gindin mangwaro, unguwa ta hallara, Baba ya sa farar rigarsa. Aka nuna shi a durƙushe, aka nuna bulalar. Da tawaye ya zo, sai jarumin wasan kaɗai da gashinsa mai sheƙi. An yanke wajen Baba ɗungurungum. Abokinsa Fulgencio ya so ya mai da abin raha, ya ce ai tsohon ya ƙware a durƙuso, da ma haka yake yi wa marigayiya Mama. Mutum biyu suka yi dariya, suka haɗiye ta. Baba ya ɗauki kujerarsa ya shige gida.

Sati uku ke nan bai taɓa ganga ba. An yi rasuwa a gidan su Salgado, aka zo kiransa, ya ce a nemi wani, bawa ba ya raka masu 'yanci da kiɗa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni na huta. In na kai masa abinci sai ya ce ya gode, kamar wata baƙuwa. Na yi da-na-sani, Yaya, kuma ina tsoron gangar nan ta mutu a hannunsa saboda ni.

Ka ce wasan zai iso wajenku wata mai zuwa, yara na ɗokin ganin kakansu. Ba zan ce ka hana su ba. Amma kafin su kalla, ka kwance ƙullin da ke cikin ambulan ɗin nan. Guntun sarƙar ne, na tsince shi a ƙasa ranar da aka ɗauki tawayen. Ka ba su su riƙe, ka nuna musu inda ta tsinke, sannan su kira shi su tambaye shi yadda ya yi. Ni ya daina ba ni labari, amma ba zai iya hana jikokinsa ba.

Ka gaishe min da Yubelis da Dairon da 'yar auta Nayibe. Goggo Tomasa na gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Eudosia