Maiwar da Mushe ya bar mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji har cikin ƙashina.

Ni ɗan Madarunfa ne, aikin gona na karanta a jami'a, yanzu ina koyarwa a wani kwaleji. Akwai farfesan da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, mu ɗalibai Mushe kawai muke ce masa, wato Malam da Faransanci. Mutum ne da in ya shiga gona sai ya tuɓe takalmi, ya murza zangarniya ya watsa tsaba a baki, yana tauna yana jefo mana tambaya. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Tun ina ɗalibi ya kawo mini irin wata tsohuwar maiwa da ya samo wurin wani dattijo wajen Gabi. Ya ce dattijon ya mutu, 'ya'yansa sun daina shuka ta, kuma iri in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi. Shi da kansa ya roƙar mini gefen gonarmu, tun daga nan duk damina sai na shuka ta.

Matsalar, maiwar nan ba ta nuna sai kowa ya gama girbi. Tsuntsayen gari duka kanta suke sauka, ga dabbobi an saki. Ina tasowa daga lakol, wato makaranta, da alli a hannu in wuce gona kaɗa gwangwani, mutane na dariya wai na yi karatu mai zurfi na ƙare a faɗa da tsuntsaye. Da ban damu ba, don Mushe yakan zo ya taya ni kora, yana tsokanata wai tsuntsayen nan sun fi mu zuwa aji.

Yanzu yayana, wanda gonar ke hannunsa tun bayan Baba, ya ce bana wake za a sa a wurin, yara ba za su ci tarihi ba. Mun yi cacar baki har sai da Inna ta shiga tsakani. Kuma wallahi yana da gaskiya, rumbunmu ya yi ƙasa. Shekaranjiya na tarar Inna ta sussuke dami guda cikin biyun da na ajiye don iri ta dama wa jikokinta fura. Na kira abokan karatunmu ko wani zai karɓi saura, kowa sai ya ce Allah ya ba ni lada.

Ga hadari ya fara haɗowa. In dage in ɓata da yayana, ko in miƙa wa Inna damin da ya rage a wuce wurin?

Zuwansa na ƙarshe, muna zaune a kan kunya, Mushe ya dafa ni ya ce, “Ran da ka gaji ka hwaɗa mini, ba laihi ba ne, sai mu nemi wani.” To na gaji. Wa zan faɗa wa?