Man Kaɗen Inna a Kwalbar Kanti

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa ta ladabi daga 'yarki Kande, wadda ke zaune a Funtuwa, gidan haya na bayan tashar jirgi. Na durƙusa gwiwa biyu na gaishe ki, yadda kika koya mini. Da kina da rai da na tambaye ki ciwon ƙugu, da yadda dawa ta yi bana a gayaunarki. To, shekara guda ke nan da wata biyu da aka sa ki a ƙasa, kuma ko da kina nan ba karatu kika iya ba. Ni ma kwanan nan na koya a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa layin ke hawa yana gangara. Malamar ajin ta ce kowace ta rubuto wasiƙa a karanta a gaban mata. Ban sani ba ko zan iya miƙa wannan.

Tun safe na kasa zaune na kasa tsaye. Na share tsakar gida sau biyu, na sake wanke kwanukan da na riga na wanke. Gobe kasuwa, Inna, kuma gobe Asabe za ta kai tunkiyarta a sayar, saboda wata ƙarya da na yi.

Asabe maƙwabciyata ce, ɗakinta na jikin nawa. Mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, tana suyar ƙosai a tashar mota safe da yamma, wuta ta dafe mata fuska. Yanzu wani direban lori yana nemanta, ita kuwa ta shiga duba madubi tana tsaki. Tunkiyar nan ita kaɗai ce dukiyarta, tana da ciki, kuma da ita take sa ran yi wa 'yarta kayan ɗaki. So take ta sayar, ta sayi man shafawar kanti irin nawa, don ta ce ta ga yadda ya gyara ni. Har ta roƙe ni in raka ta, kada mai kanti ya ba ta wani daban.

Abin da ke cikin kwalbar tawa kuwa man kaɗenki ne. In na faɗa mata haka, za ta tambayi inda na samo shi. In ta tambaya, sai na faɗi ko ke wace ce. Nan ne na kasa.

Kin tuna zuwanki gidan nan. Sau ɗaya ne tak. Kin taso daga bayan Gozaki da ƙafa har bakin titi, kika hau lori, kika yi ta tambaya har aka nuna miki ƙofarmu. Kika shigo da ƙwarya a kafaɗa, zane ɗaya ɗaure a ƙirji, ba mayafi, ƙafafunki ja wur da laka. Matan gida suna zaune a inuwa suna kaɗi. Tun da muka tare a nan nake jin yadda suke ba'a da Maguzawa irinmu in sun dawo daga kasuwa, ni ma ina taya su dariya, don na ce musu ni 'yar cikin garin Malumfashi ce, iyayena sun daɗe da rasuwa. Hajiya, matar mai gidan, ta ɗaga kai ta tambaye ni ko baƙuwata ce. Bakina ya riga ni. Na ce mai kawo mini man kaɗe ce daga ƙauye.

Kin dube ni sau ɗaya. Sai kika sauke ƙwaryar, kika rusuna, kika ce, "Sannu, uwar gida. Ga manki." Na shiga ɗaki na ɗauko sisi na ba ki a gabansu, kika ƙulle shi a bakin zane. Ruwa kawai kika sha. Kika ce lori na jiranki, kika fita.

Bayan nan na zo gida sau biyu. Ba ki taɓa ta da maganar ba. Yara kika tambaya, da ko mijina Malam Isuhu yana nan a wurin awon auduga, kika cika mini kwando da kuka da daddawa. Da ma kin zage ni, Inna. Da kin zage ni da tuni na huta.

Ranar da yayana Nomau ya aiko cewa kin cika, ce wa matan gida na yi za ni biki Malumfashi. Na dawo da kumburarrun idanu na ce hayaƙin girki ne. Nomau ya ba ni curin mai guda a naɗe cikin ganye, ya ce shi ne na ƙarshe da kika kwaɓa. Na tura shi ƙarƙashin gado, bayan akwati.

Maganar kanti kuwa daga hoto ta faro. Da aka yi sunan jikanyata, surukina ya kira mai hoto, aka jera mu a kan benci. Da hoton ya zo na duba ina neman kaina, sai na gan ki zaune tsakiyar matan gari, sanye da atamfa da ɗankwali. Layukan nan biyu da suka sauko daga hanci zuwa gefen baki, da tamojin goshi, da yadda fatar ƙasan ido ta saki, duk naki ne. Zan gaya miki gaskiya ko da ba daɗi: ba kewarki ce ta fara kama ni ba, tsoro ne. Na ce yau duk wadda ta ga tsohuwar nan mai ƙwarya, in ta dube ni, ta gama ganewa.

Kwasar adashina na ɗauka gaba ɗaya na tafi babban kantin da ke hanyar tasha. Mai kanti ya sauko mini da wata 'yar kwalba fara mai murfi ruwan zinariya, da hoton Baturiya a jikin kwalinta. Ya ce matan ƙasarsu da shi suke shafawa, sai ka ga mai jikoki ka ɗauka amarya ce. Fam guda, Inna. Ke da kike yini kina tsintar kaɗanya a jeji, ki dafa, ki shanya, ki fasa, ki soya, ki daka, ki niƙa a dutse, ki yi ta bugu da hannu har farin kumfa ya taso, sannan a taya curi kwabo biyu ana yatsina. Na miƙa kuɗin ko ragi ban nema ba.

Ba zan yi masa sharri ba. Yana da sanyi a fata, yana da ƙamshin fure, kuma in na shafa da safe fuskar takan yi laushi zuwa hantsi. Kwana arba'in ina shafawa safe da yamma, da ɗan yatsa, kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare. Kullum sai na kai madubi bakin ƙofa inda haske yake, in juya nan in juya can. Ko layi ɗaya bai gusa ba. Da sanyi ya shigo ma, kafin azahar kumatuna sun yi furu-furu. Rannan na sa yatsa na ji gilas, mai ya ƙare.

Kafin nan duk gidan an san Kande ta sayi man fam guda, don ni da kaina na ɗora kwalbar a saman jeren kwanukana inda mai shigowa zai gani. Ta yaya zan fito in ce kuɗin ya bi ruwa? Sai na jawo curinki daga bayan akwati, na yanka, na sa a rana ya narke, na ɗiga masa turare don ya danne warin, na buga shi har ya yi fari, na ɗura a kwalbar. Na riƙa shafawa yadda kike cewa tun ina yarinya, "Da jiƙar jiki, Kande, kafin ruwan ya bushe."

Mako biyu fata ta kwanta, ta yi sheƙi, har kaushin hannuna ya tafi. Mata suka shiga cewa lallai abin Turawa daban ne. Ni kuwa ina gyaɗa kai, ina cewa ai tsadarsa ba banza ba. Asabe ta lakata sau ɗaya ta shafa a bayan hannu, ta yi ta shinshina. Tun daga ranar ta ƙwallafa rai.

Shi ma naki bai share tamojin ba, kada ki ce na yi miki daɗin baki. Ya dai hana fata tsagewa, ya sa ta daina ja. Na kanti ya yi rabin wannan, na rabin yini. Iyakar abin da na gano ke nan da fam guda.

Yanzu haka ina jin kukan tunkiyar ta katanga. Asabe ta ba ta dusa da yawa don ta yi kyan gani gobe. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarta ina dawowa. Na ce ko in ce ba ni da lafiya, amma ai ta san hanyar kanti. Na ce ko in ce mata man bai karɓi kowace fata ba, to wannan wata ƙaryar ce kuma a kan ta farko. Malam Isuhu, da ya san komai tun farko, cewa kawai ya yi shi bai taɓa roƙona in ɓoye ki ba. Na ji haushinsa, don gaskiya ya faɗa. Bari in ajiye alƙalamin.

Inna, na dawo. Yau ce kasuwar, kuma rana ta riga ta karkata.

Da hantsi Asabe ta ɗaura wa tunkiyar igiya tana ja, ita kuwa ta kafe ƙafafu. Matan gida suna bakin rijiya, Hajiya na zaune a kan turmi. Na fito da kwalbar a hannu ɗaya, ragowar curinki a ɗayan, na ce Asabe ta tsaya. Na faɗi yadda na kanti ya ƙare bai yi komai ba, da abin da na ɗura a madadinsa. Wannan bai yi wuya ba. Gida ya ɗauki shewa, Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe wata biyu suna yabon man kaɗe da Turanci. Asabe ta zage ni tas, ta saki igiyar, ta ce saura kaɗan in sa ta asara.

Sai ta tambayi abin da nake gudu. Ta ce to ina za ta samu irinsa, ko a wurin tsohuwar nan mai talla da ta taɓa zuwa?

Na ce, "Ba mai talla ba ce. Innata ce, ita ta haife ni. Ta rasu bara."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Sai Hajiya ta ce, "Kande, ai tun ranar muka sani. Fuska ɗaya gare ku. Da kika dawo daga bikin nan naki da idanu a kumbure, mun so mu shigo. To ta yaya za a yi wa mutum gaisuwar mutuwar mai kawo masa mai?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, na ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta da mayafi da tabarma. Sauran ma suka ajiye bokitai, kowace ta yafo gyalenta. Aka shimfiɗa a ƙofar ɗakina, aka zaunar da ni, suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna ce mini ya haƙuri. Ba wadda ta tambayi ko kina salla. Kukan da na haɗiye shekara guda, yau na yi shi da ƙarfi, a tsakar gida, da rana tsaka.

Da aka watse Asabe ta zauna kusa da ni. Ta ce ranar da kika zo, ba wata lori da ke jiranki. A tasha ta same ki da ta fita suyar yamma, kina zaune a gindin bango tun azahar. Ta ba ki ƙosai, ta tambaye ki a hankali ko ni 'yarki ce. Kika ce a'a, ciniki ne kawai ya haɗa mu. Ta ce har lori ta zo ba ki canza magana ba, amma idonki na kan hanyar gidanmu.

Ashe har can, inda ba na gani ba na ji, kina riƙe mini ƙaryata don kada ta faɗi. Ni kuwa ina ɗaki ina murna kin tafi da wuri. Inna, ki yafe mini. Na san ba a nan ake roƙon wannan ba, lokacinsa ya wuce ina kallo, amma ba ni da wani wurin da zan faɗa.

Ban san addu'ar da malamai za su ce ta dace da ke ba, kuma ba zan je tambaya ba. Wanda ya halicce ki ya ga zamanki a gindin bangon nan, ya san abin da ke ranki fiye da kowa. A hannunsa na bar ki, shi ne mai tausayin da ya fi na uwa. Ni kuma Allah ya ba ni tsawon rai in tsufa da fuskar nan taki, in fita da ita kasuwa, duk wanda ya tambaya in faɗa masa tun bai rufe baki ba.

Jibi zan miƙa wa malama takardar nan, a karanta da sunana.

Ni ce 'yarki ta cikinki,
Kande, 'yar Bamagujiya mai man kaɗe ta bayan Gozaki