Fure Ashirin da Huɗu

Zuwa ga Yaya Lenuta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Dorel da yara. Allah ya ƙara wa Mama sauƙi, ya sa aikin da aka yi mata a ƙugu ya zama na ƙarshe. Mu nan Castellón ta ƙasar Sifen lafiya lau. Maigidana Costel yana nan a masana'antar tayil, 'yarmu Ilinca kuma ta shiga aji na gaba.

Yaya, maganar furen nan ce ta hana ni sukuni. Wallahi ban yi da gangan ba. Na shiga shagon fure na nan don in aika wa Mama, mai shagon ta ce dozin biyu ya fi kyau, suna iya aikawa har garinmu Târgoviște, na ce to, ina ta murna. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa a gida mai rai fure mara ake kai masa, kamar uku ko biyar, cika kuwa, kamar biyu ko huɗu, sai kabari. Ni da Mama ta taɓa make wa hannu saboda na tsinko wa malamarmu fure huɗu! Da kika ce wanda ya kawo ya cire hula ya yi miki ta'aziyya a bakin ƙofa, na ji kamar in nutse. Da kika ƙara da cewa Mama ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a kan gado, ta ce, "To, 'yar Sifen ta riga ta binne ni," sai na zauna na yi kuka.

Kin san yadda na sha wuyar yaren nan. Shekarar farko ko burodi da yatsa nake nunawa. Doña Amparo, tsohuwar da nake kula da ita, kullum sai ta ce, "Ke Viorica, bakinki a jaka kika baro shi?" Don haushi na manna takardu a jikin tukunya da ƙofa ɗauke da sunayensu a yaren nan, na hana kowa yarenmu a kan tebur. Na samu abin da nake so. Yau da Sifananci nake ciniki, da shi nake faɗa, har ƙirga ma da shi nake yi. Ban lura da abin da yake zubewa ta baya ba. Da na ba Ilinca labari, cewa ta yi, "Mama, fure ai fure ne." Ban iya yi mata faɗa ba, don ni na mai da ita haka.

Sau shida ina kira, Mama ta ƙi karɓa. Na san waɗancan furannin sun bushe tuni, amma ga furen lemo guda ɗaya cikin wasiƙar nan, daga bishiyar ƙofar gidanmu. Don Allah ki sa mata a hannu, ki ce na ashirin da biyar ne ya makara a hanya, ta sake ƙirgawa.

Ki gaida Dorel, da Kawu Nelu, da Gwaggo Safta.

Ƙanwarki mai jiran waya,
Viorica