Ɗana Gwanin Ƙwallo Ne, Koci Ya Ɗora Masa Tiren Shayi

Malam Sabitu, don Allah ka agaza mini da shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Ni mazaunin Shisha ne a nan Makka. Nan aka haife ni, kakanmu ne ya zo aikin Hajji daga Sakkwato ya zauna. Ina da ɗa, Rakan, shekararsa goma sha bakwai, kuma ba don ni na haife shi ba, wallahi ƙwallo tana jin maganar yaron nan. Tun yana firamare in ya ɗauko ta daga tsakiyar fili sai ya yanke mutum uku ya zura ta a raga. Har masu taksin unguwarmu sun san shi, in na shiga mota sai an tambaye ni ina gwani.

Bara na kai shi wurin Kaftin Mukhtaru, kocin wata ƙungiyar matasa a Mansur. Duk wanda ka tambaya zai ce maka in dai lamba goma kake so, wato ɗan wasan da ke tsakiya yana raba wa sauran ƙwallo, to babu kamar Mukhtaru. Majid da yanzu yake buga wa wata babbar ƙungiya a Jidda, ta hannunsa ya bi. Da alfahari na miƙa masa ɗana, har abokai na tara aka ci kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa.

To ka ji abin da gwanin koci ya yi da shi. Da farko ya hana shi buga ƙwallo raga, wai sai ƙarshen kakar wasa. Na haɗiye wannan. Sai kuma na ji cewa bayan la'asar, kafin a fara atisaye, yakan ɗora masa tire cike da kofunan shayi, ya ce ya ratsa kasuwar Mansur ya kai wa masu shaguna, kuma kada ya kalli tiren, idonsa ya tsaya kan mutane. Ka san Mansur da yamma, ba masaka tsinke. Wani maƙwabcina ya gan shi, ya zo har gida yana yi mini mabruk, wato barka, wai ashe Rakan ya samu aiki. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Talal, ƙanin matata, ya ce sunan Mukhtaru iska ne kawai. A cewarsa Majid da baiwarsa ya zo, ko hannun wa ya faɗa sai ya yi fice. Ya tuna mini da Hashimu, wanda ya fi Majid iyawa a zamaninsu, ya daɗe a wurin Mukhtaru, yau kayan waya yake sayarwa a Ka'akiyya, kuma in ana yabon koci ba mai ambatonsa. Talal ya samo wa Rakan gurbi a wata makarantar ƙwallo a Jidda mai kocin Turai, amma sai mun ba da amsa kafin ƙarshen watan nan. Shi kuwa Mukhtaru ba ya karɓar wanda ya tafi ya dawo.

Abin da ya ƙarasa tunzura ni wasan Juma'ar da ta wuce ne. Rakan ya samu ƙwallo a bakin raga, daga shi sai mai tsaron gida, har na miƙe tsaye. Sai yaron nan, ko waiwaye bai yi ba, ya tura ta da dunduniya ga wani siririn yaro da ke tahowa ta bayansa, wanda ni ban ma san yana wurin ba. Shi ya ci, shi aka ɗaga sama, sunansa ake ta kira, nawa ɗan yana gefe yana murmushi. A mota na yi ta faɗa. Da na gaji sai ya ce wai ai ya ga yaron tun kafin ƙwallon ta iso shi.

Malam, Mukhtaru gwani ne, ko sa'a ce ta ɗaga shi yake dusashe mini ɗa? In bar shi, ko in kai shi Jidda?

Uban mai lamba goma, Shisha

Abu Rakan, Allah Ya raya maka shi. Alfaharinka bai zama laifi ba, uban da bai miƙe tsaye a bakin fili ba shi ne abin tuhuma.

Talal yana da gaskiya a wuri ɗaya: ba a auna koci da gwani guda. Kowane koci yakan rataye hoton wanda ya yi fice ya manta da sauran. Don haka ka je Ka'akiyya ka zauna da Hashimu. Tambaye shi abin da ya tsayar da shi, rauni ne, takardu ne, ko kocin ne. Sannan ka tambaye shi ko zai ba Mukhtaru ɗan cikinsa. Amsar wanda bai ci ribar mutum ba ta fi yabon jama'a nauyi. Amma ma'aunin nan ka ɗora shi kan Jidda ma. Zama Bature ba shaida ba ce. Wa ya shigo hannun kocin nan na Jidda yana talaka a wasa ya fita gwani? Talal ya kawo maka suna.

Ka kuma samu Mukhtaru da kanka. Kai uba ne, kana da haƙƙin sanin ko da gaske takunkumin buga raga zai ƙare a ƙarshen kakar nan, domin lamba goman da aka san ba ya bugawa, tare shi ba wuya. Ka gaya masa maganar Jidda a fili, kada ya ji ta a bakin wani.

Sai dai shaida ɗaya tana hannunka, kai ka rubuto mini ita kana fushi. Bara ɗanka raga kaɗai yake gani. Bana ya ga wanda ke bayansa, wanda kai da kake kallon fili duka ba ka gani ba. Mai ɗauke da shayi cikin cunkoso dole ya san wanda zai juyo kafin ya juyo, in ba haka ba ya ƙona bayin Allah. Wannan idon aka saya masa da tiren, kuma masu zuwa neman 'yan wasa sun san ƙafar da ƙwallo ta fito. Maganar maƙwabci kuwa, bari ta bi iska, kai shayi ba abin kunya ba ne.

Abu ɗaya ban gani a wasiƙarka ba: abin da Rakan yake so. Tambaye shi ku biyu, ba Talal a wurin, ko da Larabci in ya fi sakin jiki da shi. A ganina, in Hashimu bai faɗi abin tsoro ba, bar shi ya ƙarasa kakar nan. Jidda za ta sake ɗaukar yara baɗi, ƙofar Mukhtaru ce ba ta buɗuwa sau biyu.

Kafin nan, ka je Mansur bayan la'asar ka tsaya cikin taro inda ba zai zata ba. In ya hango ka kafin ka kira shi, miƙa hannu ka karɓi kofi ɗaya ka sha a tsaye, a gaban kowa. Allah Ya yi masa albarka, Ya nuna maka ranar da za a kira sunansa kana raye.

Malam Sabitu